Hancin Mai Gumi

Ni da hanci nake gumi. Wasu matan da ido suke yi, su ɗaga buhun da aka rufe bakin duro da shi su leƙa ko ɓawon shinkafar ya fara tsagewa. Wasu da hannu, su ɗebo 'yan ƙwayoyi su murza. Goggona, ƙanwar babana, wadda ta koya mini sana'ar tun ina goyon fari, cewa take yi duk waɗannan sun makara. Kafin ɓawo ya tsage akwai ƙamshin da yake tasowa, ba na ɗanya ba, ba na dafaffiya ba, wani abu ne a tsakani. Idan kika janye wuta a daidai wannan gaɓar, shinkafa za ta fito daga inji doguwa, fara sol, ba karaya. Kika ƙara kaɗan, ta yi ja. Kika rage, ta farfashe, sai dai a yi tuwo da ita.

Ga wanda bai sani ba, gumi ba wani abu ba ne illa turara shinkafa tana cikin ɓawonta kafin a kai ta inji. A wanke ta, a kwashe marar ido da ta taso sama, a jiƙa ta ta kwana, da safe a tsame a zuba a rabin duro da ɗan ruwa a ƙasa, a rufe, a hura wuta. In ta yi a juye a shanya. Da baki kam ba wuya. Manoma da 'yan kasuwa daga Kura har ƙauyukan Bunkure suna tsallake gidaje da yawa su kawo buhunansu ƙofar gidanmu, kuma ba don iya gaisuwata ba, don kowa ya san ba ni da ita. Don hancina suke zuwa.

Atishawa kuwa tsohuwar abokiyata ce. Tun ina yarinya, duk ƙarshen damina idan shinkafa ta fitar da kai, gonaki suka yi wannan fari-farin, sai in tashi da safe in yi ta biyar ko shida a jere, idona ya ɗan yi ƙaiƙayi, kafin hantsi ta sake ni. Mako biyu, uku, shi ke nan sai baɗi. Ban taɓa ɗaukarta ciwo ba. A gida har tsokanata ake yi, wai ba sai an je gona ba, a saurare ni kawai a san shinkafa ta yi fure.

A farkon shekarun dubu biyu ne injuna suka yawaita. Da can guda biyu ne a unguwarmu. Muka wayi gari ko'ina ka juya rumfar kwano ce da inji na baƙin mai yana tari, bayansa kuma tulin ɓuntu, wato ɓawon da inji yake furzarwa. Ɓuntu ya fi ƙarfin masu kwasa. In tulin ya kai tsayin katanga sai mai inji ya cinna masa wuta. Shi kuwa ɓuntu ba ya ci da harshe irin na itace. Cin ciki yake yi, a hankali, kwana da kwanaki, ko ruwan sama ya doke shi sai ya yi kamar ya mutu ya sake tashi. Hayaƙinsa ba ya hawa sama, kwanciya yake yi a kan gidaje. Ga 'yan acaɓa sun cika hanya, kowane babur da wutsiyar shuɗin hayaƙi a bayansa. Ga manoma suna ƙona karan shinkafa bayan girbi don su yi sauri su dasa tumatir.

Ba zan ce ga ranar da abin ya sauya ba. Na dai lura wata shekara shinkafa ta yi fure, ta nuna, an yanke, an sussuke, atishawata ba ta tafi ba. Ta biyar ta koma ta ashirin. Hancina ya riƙa zubar da ruwa fari kamar na randa. Ganɗata tana ƙaiƙayi, in yi ta goga harshe kamar akuya. Da asuba in tashi bakina a bushe ƙamas, don da shi na kwana ina numfashi. Gefen zanina ya zama hankici, har fatar ƙasan hancina ta saɓule.

Goggo ta dube ni ta yanke hukunci nan take. Sanyi ne. Mace tana tsoma hannu a ruwan kanal na noman rani tun duku-duku, tana wanke buhu bayan buhu, ƙafarta a jiƙe wuni guda, me ake jira? Maƙwabta suka ce haka ne. Maigidana ya ce haka ne. Ni ma na ce haka ne, don babu wanda ya taso a garinmu bai san ruwan kanal yana sa sanyi ba.

Maganin sanyi kuma zafi ne, wannan ko yaro ya sani. A lokacin mu uku muke aikin, ni da matan 'yan'uwana biyu, ƙaramarsu nake kira ƙanwata, muna karɓa-karɓa: yau ke ce a wanki, gobe a wuta, jibi a shanya. Goggo ta tsufa, tana zaune a bakin ɗakinta tana ba da umarni. Ta soke karɓa-karɓar saboda ni. Ta ce daga yau kada in ƙara taɓa ruwan sanyi, su biyun su yi wanki da shanya, ni in zauna a gindin murhu inda ɗumi yake. Tausayi ne ya sa ta, na shaida. Su ma ba su yi gunaguni ba.

To, murhun namu da me muke hura shi? Itace ya yi tsada, ɓuntu kuwa kyauta ne, roƙonka ma ake yi ka kwasa. Sai mu sa 'yan faskare biyu mu yi ta watsa ɓuntu a kai. In ya ƙi kamawa, a jefa leda, ko tsohon silifa, ko guntun tayar babur. Haka kowane gidan gumi yake yi. A nan aka zaunar da ni, daga hantsi har la'asar, fuskata a bakin wuta, ina neman lafiya.

Da yamma kuma akwai magani na biyu. Goggo ta sa a zubo garwashi a kasko, ta barbaɗa tazargade da ɓawon hano da habbatus sauda, in duƙa a kai a lulluɓe ni da bargo. Hayaƙin ya shiga har ƙwaƙwalwata, hawaye da majina su yi ta zuba. Goggo tana daga waje tana cewa, “Yauwa, 'yar nan, daure. Sanyin ne yake fita.” In na fito nakan ji hancin ya ɗan buɗe, na ɗan lokaci, sai in ce lallai magani yana ci. Kafin in gama sallar isha ya koma ya toshe fiye da da. Sai mu ce sanyin ya yi nisa, gobe a ƙara hano.

Mun yi wata da watanni a haka.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, ƙamshi ya fara guduna. Farko na daddawa ne ya tafi. Sai na man shanu. Wata rana na ɗauki jikata na sumbaci kanta, ban ji komai ba, kamar na sumbaci ƙwarya. A wajen gumi sai na koma satar leƙe. In na ga hankalin Goggo ya tafi wani wuri, in ɗaga buhu in duba ɓawo, irin abin da nake yi wa wasu dariya a kai. Shinkafata ta fara fita ja-ja. Masu kawowa ba su ce komai ba tukuna, amma na ga wani ya daɗe yana juya ta a tafin hannu.

Ranar da asiri ya tonu, shinkafar wani dattijo ce daga wajen Kadawa, wadda ya ware don bikin 'yarsa. Ruwan ƙasan duron ya ƙafe ban sani ba. Ina zaune dab da shi, ina watsa ɓuntu, ina share hanci. Goggo ce ta fito daga ɗaki da sandarta, mace mai shekaru fiye da saba'in, tana ɗingishi tana sauri. Daga can cikin ɗaki ta jiyo ƙauri. Ni da nake zaune a kai ban ji ba.

Muka juye. Kusan rabi ta kama, ta yi baƙi. Goggo ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta jira sauran biyun suka tafi shanya abin da ya tsira, sannan ta tambaye ni tun yaushe. Na faɗa mata.

Ta ce, “Mai gumi ba hanci, makauniya ce a bakin rijiya. Zan ba ki zuwa kaka. In bai dawo ba, ki miƙa wa ƙanwarki duron, ki koma tsintar tsakuwa. Sunan gidan nan ya girme ki.”

Ban musa ba. Gaskiya ta faɗa. Dattijon na je har gida na same shi na gaya masa ni ce, ba wuta ba ce, ba duro ba ne, na kai masa tamu ta ci a madadin tasa. Ya karɓa ya yi addu'a, bai kuma ƙara kawo mana aiki ba.

A wannan shekarar na shiga makarantar yaƙi da jahilci, ina da shekara arba'in da ɗoriya. Ajin yana cikin firamaren unguwa, bayan la'asar, kwana uku a mako, muna zama a bencin da jikokinmu suka ɗumama da safe. Malamarmu ta ba mu aikin gida mai sauƙi: kullum mu rubuta sunan ranar a littafi, mu ƙara kalma ɗaya a gefe, ko wace iri, don hannu ya saba. Wasu suna rubuta abin da suka dafa. Ni ba abin da yake raina sai hanci. Ranar da ya matsa mini in rubuta “toshe”. Ranar da na samu sauƙi in rubuta “dama”. Kalmomin ba su da tsawo, shi ya sa na zaɓe su.

Malama ce ta fara gani, tana duba rubutu. Ta ce harafina na “d” ya gyaru, amma me ya sa ba na rubuta “dama” sai ranar Asabar? Na karɓi littafin na bi da yatsa. Haka ne. Toshe, toshe, toshe, sai Asabar dama. Mu kuwa a gidanmu ba a hura wutar gumi ranar Juma'a, al'adar Goggo ce tun ta uwarta. Injunan ma yawanci ba sa tashi ran nan sai bayan masallaci, wasu ba sa tashi sam. Na ce a raina ƙila hutu ne jikina yake so.

Ba a daɗe ba 'yata ta biyu ta haihu, a wani ƙauye can bayan Bunkure inda ba inji ko ɗaya, sai gonakin dawa da rugar Fulani a gefe. Na je na yi kwana tara. Uwar mai jego ba ta zama. Ni ce a bakin rijiya da asuba, ni ce wankin zannuwa, ni ce wanke-wanke, hannuna bai bushe ba tun da na sauka. Ba kasko, ba bargo, don na manta ƙullin maganin a gida. Na tafi da littafina saboda tsoron Malama. Kwana na uku na rubuta dama. Na huɗu dama. Ranar suna ana soya naman rago a bayan gida, ina tsaye ina ɗauraye kwanuka, sai wani abu ya taɓa ni can sama a hancin hagu, siriri, ya wuce. Ƙamshin kitse ne. Na ajiye kwanon na tsaya kamar an kira sunana.

Na dawo gida, kwana biyu a gindin murhu, hanci ya koma yadda yake.

Sai na ɗauki littafin na tafi ƙaramin asibitin garinmu. Ma'aikaciyar da na samu yarinya ce, ba ta kai 'yata ta fari ba. Na ajiye mata littafin a tebur na ce ta karanta, in rubutun ya yi mata muni ta haƙura, bana na fara. Ta karanta ba ta yi dariya ba. Ta haska cikin hancina da tocila, ta tambaye ni zazzaɓi, na ce babu. Ta tambayi launin majinar. Ta tambayi tun yaushe nake atishawa, na ba ta labarin furen shinkafa. Ta tambayi abin da muke hura wuta da shi, da na kai kan silifa da taya sai ta ajiye biro.

Ta ce ba sanyi ba ne, ba kuma mura ba ce. Irin borin jini ne, amma na hanci. Jikina tun asali ba ya shiri da garin furen shinkafa da ƙurar ɓuntu, yana ɗaukarsu abokan gaba, shi ne atishawar yarintata. Hayaƙi kuma ba shi ya haifi ciwon ba, amma shi yake rura shi.

Ta ce, “Mama, in kika zuba barkono a lafiyayyar fata, ɗan zafi za ki ji ki wanke. In fatar a ƙuje take fa? Hayaƙin nan kullum ƙuje miki cikin hanci yake yi. Abin da da yake sa ki atishawa biyar, yanzu a kan gyambo yake sauka. Cikin ya kumbura, ya rufe hanyar da ƙamshi yake bi.”

Na tambaye ta hayaƙin magani fa, na tazargade da hano. Ta ce hanci bai san na magani da na taya ba, hayaƙi hayaƙi ne. Ta ba ni wasu 'yan ƙwayoyi, ta ce in dafa ruwa ya huce in sa ɗan gishiri in riƙa shaƙa ina fyacewa safe da yamma, kamar a alwala. Ta ce amma duk wannan banza ne in ban bar bakin wutar ba. Ƙamshin kuma ba ta yi mini alkawari ba. Ta ce yakan dawo, wani lokacin ba duka ba.

Daga asibiti ban wuce gida ba. Raina a ɓace yake, kuma ina neman inda zan sauke shi. Injin da ya fi kusa da mu na wani ne da na sani tun yana yawo ba wando, yanzu ya je Makka ya dawo da haƙorin azurfa. Tulin ɓuntunsa yana bayan katangarmu, yana hayaƙi tun watan jiya. Na same shi a kan benci da mutanensa. Na ce, Alhaji, arziki ya yi, Allah ya ƙara, amma mu da muke bayan katanga ba kifi ba ne da za a yi ta banda mu. Na faɗi abin da ya fi haka, ba sai na rubuta ba.

Ya bari na gama. Sannan ya miƙe, ya ce in zo in gani. Muka zagaya bayan rumfar, ya nuna mini saman gidanmu. Matan 'yan'uwana sun hura wuta. Hayaƙin da yake tashi daga tsakar gidanmu baƙi ƙirin ne, ya fi nasa duhu nesa ba kusa ba.

Ya ce, “Yaya, nawa ɓuntu ne zalla. Naku har da taya.”

Mutanensa suka yi dariya. Ni da ba a taɓa rufe mini baki a unguwar nan ba, na tsaya ina kallon hayaƙin gidanmu. A ƙarshe na ce to, na ji, zan gyara nawa, in na gyara zan dawo. Ya ce yana nan. Daga baya ya riƙa bai wa masu kiwon kaji da masu bulo ɓuntun suna kwasa, tulin ya ragu. Bai daina ƙonawa gaba ɗaya ba, sauran masu injin kuwa ko a jikinsu.

Goggo ce aikin. Da na ce mata ba sanyi ba ne, sai ta ce yarinyar da aka haifa jiya ce za ta koya mata sanyi? Na buɗe littafin a cinyarta, ko da yake ba ta karatu. Na nuna mata layin kwana taran nan, na ce nan duk a cikin ruwa na yi su. Ta daɗe tana kallon takardar. Ta ce rubutun kamar tafiyar kaza. Ba ta taɓa cewa ta yarda ba, har ta koma ga Allah. Amma da yamma ba ta aika a kawo garwashi ba, washegari ma haka, kaskon ya koma ƙarƙashin gado.

Na koma wanki da shanya, na bar musu wuta. Na hana leda da silifa da taya a murhunmu, aka yi ta rigima a kan itace, na ce a rage mini a rabona. Muka fasa murhun daga lungun da yake, inda katanga biyu suke tare hayaƙi, muka gina shi a fili ta inda iska take kwashe hayaƙin ta yi gona da shi. In zan juya shanya ko in ɗebi ɓuntu, sai in jiƙa ɗankwali in ɗaure hanci da baki. Matan unguwa suka sa mini suna 'yar fashi. Na ce na ji, a kawo buhu.

Damina ta yi nisa, shinkafa ta yi fure, atishawa ta zo kamar yadda ta saba. Ta fi ta yarinta yawa, ba ta kai ta bara ba. Littafina ya fara cika da dama. Daddawa ta dawo. Man shanu bai dawo ba, har yau da nake rubutun nan ban ƙara jin sa ba. Ƙamshin da nake nema kuwa shiru. Kullum in aka rufe duro sai in zo in tsaya nesa kaɗan, ta inda iska ba ta kawo hayaƙi, in jira. Sai dai in ji ƙanwar tawa ta ɗaga buhu ta ce ya tsage.

Kaka ta zo. Sabuwar shinkafa ta fara shigowa. Goggo ba ta tuna mini wa'adinta ba, ni ma ban manta ba. Wata safiyar Asabar aka ɗora duron farko na sabon girbi. Ta sa aka fito mata da tabarma kusa da inda nake tsayawa, ta zauna, sandarta a gefe. Tururi ya fara fita ta gefen buhu.

Ta hancin hagu ƙamshin ya zo, kamar ranar suna. Ba da ƙarfi ba. Da can yakan cika mini kai ne, wannan kuwa kamar a kira ka daga gidan maƙwabta. Na ji tsoron ko raina ne yake raya mini. Na dubi Goggo, fuskarta ba ta nuna komai ba, idonta a kan duro.

Na ce, “A janye wuta.”

Ƙanwata ta kai hannu za ta ɗaga buhu ta duba. Goggo ta buga mata sanda a ƙasa.

“Ba ki ji an ce a janye ba?”

Aka janye, aka juye, aka shanya. Kwana biyu bayan nan shinkafar ta dawo daga inji. Goggo ta ɗebi tafi guda ta kai kusa da idonta, ta juya, ta juya. Ta ce ta ɗan yi ja kaɗan, na makara da numfashi biyu. Ta mayar cikin buhu, ta karkaɗe hannu, ta ce gobe in matso kusa da taku ɗaya, amma in tsaya ta bayan iska.